Inna Mai Guga da Katin Zaɓenta

Shekara tara ke nan muna zaune gida ɗaya da uwar mijina, kuma har yau Amarya take kirana. Na haifi uku, furfura ta fara leƙo mini ta gefen kunne, amma in ta shigo kicin sai ta ce, "Amarya, wannan hayaƙin na girki ne ko in kira 'yan kwana-kwana?" Ni kuma Inna nake ce mata, kamar yadda kowa yake faɗa a layinmu, har da waɗanda suka girme ta.

Sana'arta guga. A wani babban kamfanin wanki take aiki, irin waɗanda suke karɓar zannuwan gado da tawul na otal-otal da asibitoci. Ta shiga ne a shekarar da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, lokacin mijina, wanda shi ne auta, yana ajin ƙarshe a firamare. Shekara ashirin da uku ta yi a tsaye a teburi na huɗu, kusa da taga.

Ɗakin gugar dogo ne mai rufin kwano. Injinan wanki shida suna jere suna ruri tun safe, can ƙarshe kuma ga tukunyar tururi, wadda ko giftawa mutum ya yi kusa da ita sai gumi ya keto masa. Fanka biyu ce a sama, ɗaya ta mutu tun kafin a yi aurena. Na taɓa kai mata saƙo can, minti goma na yi na fito ina haki kamar wadda aka biyo. Ita kuwa takan yi awa tara, ta dawo gida ta tarar da rigar makarantar jikarta a yamutse, ta ja tsaki ta jona dutsen guga.

Hannunta na dama duk tabon ƙuna ne, kuma ta san ranar da ta samu kowanne. Amma kayan mutane, ko hankici ba ta taɓa ƙonawa ba. Mijina yakan ce ta fi alfahari da wannan a kan su huɗun da ta haifa. Karatu ma a wurin aikin ta koya, daga rubutun wuyan riguna da takardun da ake liƙawa a allon sanarwa. Tana karatu da yatsa, layi bayan layi, kuma ba ta sauri don kowa.

Shekarar zaɓen nan rayuwa ta yi tsadar da ba sai na ba kowa labari ba. Kuɗin bas ya ninka, kafin mu gama mita ya sake ninkawa. Tukunyar gas da muke cikawa muka koma zuba mata rabi. Ƙwai ya bar gidanmu ko sallama bai yi ba. Mijina mai walda ne, kuma wanda bai ƙoshi ba ba ya tunanin sabuwar ƙofa, don haka yawancin kwanaki hira kawai yake yi a bakin shago. Ni ina koyarwa a makarantar ƙananan yara, albashina kuwa ran goma ga wata muke ban kwana da shi.

Sai Inna ta daina hawa bas. Tafiyar minti hamsin ce zuwa kamfanin, ta ce likita ne ya ce ta riƙa motsa jiki. Babu likitan da ya ce. Wata rana da safe kuma na same ta da wuƙa tana raba ƙwayar magani gida biyu.

Na ce, "Inna, na hawan jini ne fa kike rabawa."

Ta ce, "To ai jinin ma ya san halin da ake ciki. Rabi zai riƙa hawa."

Ana cikin haka yaƙin neman zaɓe ya kankama. Mai kamfaninsu aminin ɗan takarar da yake neman komawa kujerarsa ne, saboda haka aka kawo musu dubban riguna masu hotonsa su goge su ninke. Inna takan dawo ta zube a kujera ta ce, "Mutumin nan ta ciki ake goge shi. Kana sa masa dutse a fuska zai narke."

Wata Litinin, saura mako shida zaɓe, Manaja ya sa aka kashe injina duka, abin da ba a taɓa yi ba sai in wuta ta ɗauke. Aka tara su a harabar lodi. Ga kwalaye nan an jera har sama: shinkafa, man girki, sukari, taliya, sabulu. Manaja ya ce mai kamfani ya ga halin da ake ciki, ya tausaya, kowane ma'aikaci zai riƙa karɓar kwali ɗaya duk mako biyu. Aka yi tafi, wasu mata har da hawaye. Sannan ya ce akwai 'yar takarda da za a cike, kuma kowa zai bar katin zaɓensa a ofis don a tantance, in an gama a mayar masa.

Ba wanda bai gane ba. Yawancin ma'aikatan daga unguwarmu suke, ta bayan masana'antu, kuma a zaɓen da ya wuce unguwarmu ta juya wa mutumin nan baya gaba ɗaya. Ba a ce su zaɓe shi ba. So ake ranar zaɓe su wayi gari ba su da abin zaɓen kowa.

Da layi ya zo kan Inna, ta ɗauki takardar ta dasa mata yatsa. Mutane suna bayanta suna gyaran murya, ta yi kamar ba ta ji ba.

Ta ce, "Manaja, nan na ga ranar karɓa. Ina ranar mayarwa?"

Ya ce, "Inna, ke dai sa hannu, mutane suna jira."

"Su jira. Shinkafar ce take son ganin katina, ko man?"

Aka kwashe da dariya, sannan kowa ya tuna inda yake ya haɗiye tasa. Manaja ya rage murya ya ce tsari ne daga sama, ba shi ya tsara ba.

Ta ajiye masa bironsa ta ce, "To ka gai da na saman. Ka ce na gode, amma katina yana da wurin kwana."

Su arba'in da uku ne a kamfanin. Arba'in da ɗaya suka bayar. Ban da Inna, ɗayan da ya rage mai gadi ne, shi dama nasa ya daɗe da ɓata. Cikin waɗanda suka bayar har da Doguwa, ƙawar Inna ta teburi na biyar, mai 'ya'ya biyar da miji a kwance shekara biyu. Da aka tashi Doguwa ta kasa haɗa ido da ita. Inna ta je ta kama mata kwalin ta gefe ɗaya, suka kai shi bakin titi tare. Har yau ban taɓa jin ta yi wa wanda ya karɓa gori ba.

A gida ne aka yi ta. Muna cin abincin yamma ta ba mu labari kamar wani abin dariya, mijina ya ajiye cokali.

Ya ce, "Inna, kwali guda kika bari? Duk mako biyu? Don Allah ƙuri'a ɗaya me za ta canza?"

Ta ce, "In ba ta canza komai, me ya sa ake sayenta da buhun shinkafa? Ka taɓa ganin mai kuɗi ya sayi abin banza, Auta?"

"Su dai za su ci zaɓensu, da ke da babu ke."

"Su ci. Amma ba da hannuna a ɗaure ba."

Ba zan yi ƙarya ba, ni ma ina bayan mijina a ranar. Na kalli kwanon da yara uku suke wawaso a kai na ce, "Inna, ko don yaran nan."

Ta kafe ni da ido har na yi nadamar magana. Can ta ce, "Amarya, ni ba ni da gida, ba ni da fili, ko akuya ba ni da ita. Duk duniya abu ɗaya ne nake da shi daidai da na mai kamfani, nasa ɗaya, nawa ɗaya. Shi ne zan ɗauka in kai masa?" Ta tura wa yaran sauran abincinta ta tashi. Daga wannan makon ta fara karɓar gugar maƙwabta ranar hutunta, abin da ta samu ta danƙa mini.

A wurin aiki aka ɗauke ta daga teburi na huɗu aka kai ta jikin tukunyar tururi. Aka cire sunanta daga masu ƙarin awa. Takan dawo idanunta jawur, ƙafafunta a kumbure, in ka yi mata sannu ta ce, "Wanka na yi kyauta, sannun me?"

Saura mako uku zaɓe aka ce ɗan takara zai kawo ziyara, a ɗauke shi hoto da ma'aikata. Aka yi wa gaban kamfanin fenti. Fankar nan da ta shekara goma a mace ta tashi cikin awa ɗaya. Aka raba wa kowa riga mai hoto, Inna ta ninke tata da kyau ta ajiye a kan teburi. Manaja bai ja da ita ba, ya dai tura ta sito ta ninke tawul, ya ce kada ta fito sai baƙi sun tafi.

Ta kuwa zauna a siton, ba ta da niyyar fitowa. Matsalar ita ce masu ɗaukar hoton sun duba ma'aikatan sun ga duk matasa ne, su kuma tsohuwa suke so. Wata daga cikinsu ta leƙa sito ta ga Inna da farin gashi a bakin ɗankwali, ta ƙwala kira, "Ga uwa nan! Ku zo ga uwa!" Doguwa ta ce a lokacin fuskar Manaja ta koma kamar zanin da aka manta a cikin bilic har launinsa ya koɗe.

Aka kawo ta gaba. Ɗan takara ya ɗan rusuna, ya kama hannunta mai tabon, ya juya shi wajen kyamara. Ya tambaye ta shekararta nawa a nan, ta ce ashirin da uku, aka yi tafi. Sai ya miƙa mata makirufo ya ce, "Mama, faɗa mana da bakinki, me kike so mu yi muku in mun dawo?"

Ta karɓa ta riƙe da hannu biyu. Ta ce, "Ranka ya daɗe, tun kafin ku dawo ɗin ma akwai abin yi. Katunan zaɓen mutanen nan, guda arba'in da ɗaya, suna cikin durowar Manaja. A ba su abinsu. In sun zaɓe ka, ka san da gaske zaɓen ka suka yi."

Wani ya yi wuf ya kashe na'urar. Amma matar da ta shekara ashirin da uku tana hira a kan ƙarar injina shida ba ta buƙatar makirufo. Ta ɗaga murya ta ce, "Shinkafar kuma kada a janye, don yunwar gaskiya ce! Ni nan da ƙafa nake zuwa aiki, maganina rabi nake sha. A tambaye su, kowa yana da irin nasa!"

Ɗan takara ya yi murmushin da bai wuce haƙora ba, ya ce za a bincika, aka yi waje da shi. Ni ina ɗakin malamai a makaranta wata abokiyar aikina ta miƙo mini waya ta ce, "Wannan ba surukarki ba ce?" Kafin Inna ta iso gida da ƙafa, hotonta ya riga ya zagaye gari.

Washegari Manaja ya kira ta ofis. Ya shimfiɗa wata farar rigar likita a kan teburi, da shatin ƙuna baƙi ƙirin a bayanta, ya ce daga teburinta ta fito, kuma dokar kamfani a bayyane take. Ga takardar sallama.

Inna ta ɗaga rigar ta duba a haske. Ta ce, "Wannan ƙunar dutsen gida ce. Dubi bakinsa, siriri. Namu ya fi wannan faɗi, kuma yana da hujojin tururi. Manaja, ko ƙarya za a yi, a riƙa tambayar masu sana'a."

Bai ɗago ba. Ya ce ta sa hannu ta karɓi hakkinta. Ta ce ba za ta sa hannu a kan ƙunar da ba ta yi ba, ta cire rigar aikinta ta rataye a ƙusa, ta fito.

Ranar ce kaɗai na ga Inna ta karye. Ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado, ba ta ci ba, ba ta yi wa kowa tsiya ba. Da na kai mata shayi ta ce, "Korar ba ta dame ni ba, Amarya. Amma a ce na ƙona riga?" Sai hawaye. Na zauna kusa da ita.

Da gari ya waye na same ta a tsakar gida ta yanke gefen wani kwali, tana rubutu da alƙalamin allo na yara. Harufan sun karkace, amma ana karantawa: A MAYAR DA KATUNA 41. Ta ce in duba mata ko akwai kuskure. Na ce babu. Ta ce za ta je ta tsaya a tsallaken titi, daidai ƙofar kamfanin.

Mijina ya tare ƙofa. Ya ce, "Inna, mutanen nan ba su da imani. Sun kore ki, bai isa ba? So kike a zo a ce mana an ɗauke ki?"

Ta ce, "Titin na mai kamfani ne?"

"A'a, amma..."

"To matsa, Auta, rana tana yi."

Ya matsa. Ta yini a tsaye riƙe da kwali, iska tana lanƙwasa shi, ta dawo kafaɗunta sun riƙe. Kashegari da safe sai ga mijina ya fito da wani ɗan firam na ƙarfe mara nauyi, da ƙafa uku, wanda ya haɗa a shago. Ya ɗaura kwalin a jiki ya ce, "In za a yi abu a yi shi da kyau. Wannan ko guguwa ba ta kayar da shi." Inna ta jijjiga firam ɗin ta ce waldar ba laifi, ashe dai kuɗin koyon sana'ar bai tafi a banza ba.

A rana ta uku motar 'yan sanda ta tsaya a gabanta. Wani saje ya sauko ya ce an kawo ƙara tana taro ba da izini ba.

Inna ta waiga dama, ta waiga hagu. Ta ce, "Ɗana, ƙirga mu."

Ya ce, "Mama, ni umarni aka ba ni."

"Na ji. Amma ƙirga mu tukuna, don in san mu nawa za ka rubuta. Ni da ƙarfen nan ne taron?"

Sajen ya dai nace sai ta bi su. Ta ce to, amma gaba za ta zauna, gwiwarta ba ta hawa bayan mota, kuma a ɗauko mata allonta a hankali, ɗanta ne ya ƙera. Haka aka yi.

Wani mai shago a kusa da kamfanin ne ya buga wa mijina waya. Muka isa ofishin 'yan sanda muka same ta a kan benci, jakarta a cinya, tana faɗa wa wani kurtu cewa wanda yake yi masa guga yana cutarsa, karin wandonsa biyu ne. Ba a daɗe ba wata matashiyar lauya ta iso, daga wata ƙungiyar kare hakkin jama'a. Ta ce tun ranar da ta ga hoton take neman Inna. Ta shiga wajen babban jami'in, muna jiyo muryarta tana tambaya a nuna mata dokar da ta hana mutum ɗaya tsayuwa a gefen titi. Jami'in ya fito ya ce za a sake ta, in ta yi alkawari a rubuce ba za ta koma wurin ba.

Inna ta ce, "Ranka ya daɗe, gara in faɗa maka gaskiya tun yanzu, kada mu ɓata takarda. Gobe da ƙarfe bakwai ina can."

Aka bar mu a zaune har la'asar. Abin da ba mu sani ba shi ne abin da yake faruwa a kamfanin. Doguwa ta ga lokacin da aka sa Inna a mota, ta tagar teburi na huɗu. Ta ce ta tsaya da dutse a hannu, ta ji kamar uwarta aka ɗauka. Sai ta zare wayar dutsen daga bango, ta fita ta zauna a bakin ƙofa. Ba ta kira kowa ba. Ta teburi na shida ta biyo ta, sannan masu ninki, sannan samarin injina. Kafin azahar ɗakin nan da bai saba shiru ba ya yi tsit, zannuwan otal uku da na asibiti biyu suna jiƙe a cikin injina, wayar Manaja kuma tana ta ƙara.

Ban san wanda ya kira wa ba, amma wajen ƙarfe biyar aka ce mu tafi, ba takarda ba alkawari. Lauyar ta ɗauke mu a motarta, Inna ta ce a bi ta kamfanin. Da ta ga mutum talatin da wani abu zaune a ƙasa a bakin ƙofa, ta daɗe tana kallo ta gilashi. Sannan ta ce, "To, yanzu kam taro ne."

Kwana biyu suka yi ba su taɓa inji ba. A rana ta uku aka fito da katunan a cikin kwalin garin sabulu, aka ajiye a kan teburin mai gadi, ba wanda ya fito ya yi bayani. Talatin da takwas ne. Uku an ce ba a gan su ba, kuma har aka yi zaɓe ba a gan su ba.

Kwalayen abinci kuwa daga ranar aka daina. Ba kowa ne ya yafe wa Inna wannan ba. Wata mai ninki ta zo har gidanmu, ta tsaya a tsakar gida tana ɗaga murya, ta ce, "Ke kin yi suna, mu kuma 'ya'yanmu su ci kati?" Na yunƙura zan rama mata, Inna ta riƙe mini hannu. Ta saurari matar har ta gama. Ta ce, "Ba ni da amsar da zan ba ki, 'yar uwa. Gaskiyarki ce." Matar ta tafi, kuma har yanzu in sun haɗu a hanya ba ta gaishe ta. Inna takan gaishe ta duk da haka.

'Yan ɗaya jam'iyyar ma sun zo, da mota biyu da atamfa a leda. Suna so ta hau dandamali ranar babban gangaminsu. Ta ba su ruwa suka sha, ta ce, "Ni fa ban ce kun fi shi ba. Cewa na yi a ba mutane katinsu. Ku je ku faɗa musu yadda za ku yi da kuɗin bas, in sun gamsu ga katin nan a hannunsu." Suka tafi da atamfarsu. Wannan kam ta ba ni haushi, don atamfar mai kyau ce.

Ranar zaɓe ta riga kowa shiri. Ta yi awa uku a layi, ita da Doguwa, ta ƙi kujerar da aka ba ta. Da ta dawo mijina ya ce, "To Inna, bayan duk wannan, wa kika zaɓa?" Ta ce, "Da ina son a sani ai da ban sha wahalar nan ba." Ɗan takarar ya koma kujerarsa. Kuɗin bas bai sauka ba, gas ma haka.

Yanzu a barandar gida take guga. Mijina ya ƙera mata teburi daidai tsayinta, mutanen unguwa suna kawo kaya, har da sajen nan, wanda yake aiko da kakinsa duk mako. Abin da take samu bai kai albashinta na da ba, amma na karɓe wuƙar, maganinta cikakke take sha, ko da faɗa.

Lauyar ta shigar mata da ƙara a kotun ma'aikata kan korar. An ɗaga shari'ar sau biyar. A zuwa na shida ni na raka ta, muka zauna a dogon bencin da yake baranda muna jiran a kira mu. Sai ga wani mutum ya zo da fayil a hammata yana duba ƙofofi, ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Sai da Inna ta ce "Manaja" sannan na gane shi. Ashe bayan zaɓe mai kamfani ya ce shi bai san da maganar katuna ba, Manaja ne ya yi gaban kansa, ya sallame shi ba ko sisi. Shi ma ƙara ya kawo.

Ya tsaya tsuru-tsuru, ya rasa ko ya gaishe ta ko ya wuce. Inna ta matsa ta ba shi wuri a bencin. Ya zauna a ɗofane.

Ta ce, "Ba wannan ƙofar ba ce taka. Sai ka fara zuwa taga ta biyu a buga maka hatimi. Za su ce ka dawo wata mai zuwa. Ka dawo. In sun sake cewa ka dawo, ka sake dawowa."

Ya ce, "Na gode, Inna." Sannan ya ƙara da cewa, "Ni ma fa umarni aka ba ni."

"Na sani. Ina da tambaya ɗaya dai. In alƙali ya kira ka ya tambaye ka wa ya ƙona rigar nan, me za ka ce?"

Ya sunkuyar da kai yana murza gefen fayil ɗinsa. Daidai nan magatakarda ya leƙo ya kira lambarmu, ya ce lauyan kamfani bai samu zuwa ba, an ɗaga zuwa sha bakwai ga watan gobe.

Inna ta miƙe ta gyara mayafinta. Ta dubi Manaja ta ce, "Ka ji, sha bakwai ga wata. Kana da lokacin tunani." Ta juya wajen magatakarda ta ce ya rubuta mata ranar da manyan baƙi, kuma ya gaya wa lauyan kamfani ta gaishe shi, tana nan zuwa.